Muhawara: Shin saiwar rawaya tana haska fata?

Maman Ilham: Jama'a, na sayo wani mai a Kasuwar Wunti, man kaɗe ne da saiwar rawaya. Mai haɗin ta rantse min ba ta sa komai na bilicin ba, saiwar ce kawai ke haska fata. Ƙanwata ta shafa, wallahi ta yi fes.

Anti Ladi: Wace rawayar? Wadda ke fitar da fure ruwan ɗorawa dab da ƙasa da rani, bayan an ƙona daji, tun ganye bai fito ba? Mu a Dass da ita muka tashi. Ana haƙo saiwar, a ɓare, a shanya, a daka, garin ya riƙa rina turmi da tafin hannu. Iyayenmu zane suke rinawa da ita, a kuma jiƙa wa mai shawara. Ban taɓa ganin wadda ta yi fari saboda ita ba, da tuni duk ƙauyenmu mun zama Larabawa.

Maman Ilham: To Anti, hasken da na gani da idona fa?

Hajiya Binta: Ƙyale su, ɗiyata. Komai namu na gargajiya sai an kushe shi. Kurkum ma ai saiwa ce, kuma da shi ake gyaran amare.

Sista Rabi: Hajiya, Allah ya ƙara girma, ba kushe ba ne. Rawaya launi take bayarwa, shi ya sa ake sa ta a man kaɗe ya fito ruwan ɗorawa. Launi kuwa saman fata yake zama, sabulu na wanke shi. Abin da ke sauya fata cikin sati biyu yawanci sinadarin bilicin ne da ake kira hydroquinone, ko tub ɗin steroid na kemis da ake matsewa a cikin haɗin ba a faɗa ba. Maman Ilham, duba gaɓoɓin yatsun ƙanwar taki, sun fi sauran jikin duhu? Jijiyoyi sun fara fitowa kore a cinya? Akwai nankarwa? Ko a 2023 sai da NAFDAC ta yi shelar cewa bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan.

Hajiya Binta: Ni dai ban yarda a ɗora wa baiwar Allah mai haɗin nan laifi ba hujja ba.

Anti Ladi: Sauƙi ne. Ta sayo zallar saiwar wajen masu magani a Muda Lawal, ta haɗa da man kaɗe da hannunta, ta shafa wata guda a hannu ɗaya.

Maman Ilham: Yatsun kam sun yi duhu. Robar ma babu lambar NAFDAC, sai sitika mai lambar waya. Bari ta dawo daga islamiyya in duba cinyar.