Free software: kyauta ce ko 'yanci? Ku taya ni nemo mata suna

Jama'a masu Hausa a baki, ina neman agaji. Kalma ɗaya ta jawo mini asara a ofis, kuma bakina ne ya furta ta.

Ƙaramin ofis ne a Garki, kwamfutoci goma sha ɗaya, ni ke kula da su. Tun da aka saki naira a 2023, kuɗin sabunta lasisin manhajojinmu ya zama kamar kuɗin hayar gida a Wuse, domin da dala ake lissafa shi. Sai na kawo shawara a taro mu koma LibreOffice, manhajar rubutu da lissafi mai yin irin aikin Word da Excel. Yallaɓai ya ce, "Ita wannan nawa ce?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai manhajar kyauta ce."

Ya ce alhamdu lillahi, ya zaro jan biro ya soke layin gaba ɗaya, har da kuɗin da na ware na koya wa ma'aikata. Hajiya akanta kuwa ta cire tabarau ta dube ni ta ce, "Ɗana, araha ba ta ado. Lissafin albashi zan zuba a abin da aka ba ka a banza?" Ɗaya ya ji ba za a kashe ko kobo ba, ɗaya ta ji tarkace ne. Duk laifin kalmar kyauta.

Matsalar Turanci ce muka ɗauko ba gaira ba dalili. Su kalmarsu free ta haɗa ma'ana biyu, abin da ba a biya da kuma abin da ba a ɗaure ba. Faransanci ya raba su, libre daban, gratuit daban, daga nan ma LibreOffice ta samo sunanta. Mu ma a rabe suke tun kaka da kakanni: kyauta daban, 'yanci daban.

Wanda ya fara tafiyar free software, Richard Stallman, ba maganar farashi yake yi ba. Yana aiki a jami'ar MIT a Amurka, firintarsu na yawan cije takarda, ya nemi asalin rubutun manhajarta ya gyara, aka hana shi. A 1983 ya sanar da aikin GNU, wato gina tsarin tafiyar da kwamfuta wanda ba a kulle ba, a 1985 ya kafa gidauniyar Free Software Foundation. Abin da yake nufi shi ne mai amfani ya samu dama huɗu: ya yi aiki da manhaja yadda ya ga dama, ya buɗe cikinta ya karanta ya sauya, ya raba wa wasu, ya kuma raba wadda ya gyara. Babu inda aka hana sayarwa. Red Hat a kan irin wannan manhaja ta gina kasuwancinta, har IBM ta saye ta a 2019 kan dala biliyan 34.

Kuma mu faɗi gaskiya, a bakin mutanen Abuja "ta kyauta" ta riga ta samu wata ma'ana. Ita ce ta kirak, wato ta sata da aka fasa wa makulli, wadda yaron shago zai zuba maka daga filash, ka ba shi na ruwa. Ba na son a haɗa su a suna ɗaya.

To ga sunayen da aka kawo mini tun jiya.

Wani malami ya ce 'yantacciyar manhaja. Daɗin faɗi kam akwai. Amma 'yantacce bawa ne da aka 'yanta, ke nan an taɓa mallakarsa. Akwai manhajojin da sunan ya zauna musu daram. Blender ta kamfani ce a da, kamfanin ya durƙushe, a 2002 masu amfani da ita suka yi karo-karo suka tara yuro 100,000 suka fanshe ta. Wannan fansa ce ta sosai. Ita ma LibreOffice kakarta StarOffice a kulle take kafin a sake ta a 2000. Amma GNU 'ya ce tun haihuwa, ba wanda ya 'yanta ta. Ban da haka, sunan ya ɗora 'yancin a kan manhajar, alhali na mutumin da ke zaune gaban allo ne.

Wata 'yar'uwa ta ce manhajar gayya. Na yi murmushi, domin haka Linux, takwarar Windows wajen tafiyar da kwamfuta, ta tashi: Linus Torvalds ya fara ta a 1991 yana ɗalibi a Finland, jama'a suka shigo gona da fartanyoyinsu. Sai dai gayya yadda aka yi noman take faɗa, ba ta faɗi wa ke da iko da hatsin ba.

Wanda ya fi tsayar da ni shi ne wakafi. Rijiyar da aka yi wakafi kowa ya ɗiba, ba mai zagaye ta da katanga ya ce tasa ce, kuma sharaɗin mai wakafin yana bin ta ko bayan ransa. Lasisin GPL na aikin GNU, wanda ya fito a 1989, kusan haka yake: ka ɗauka, ka gyara, amma in za ka raba wa wasu, dole ka bar musu damar da aka bar maka. Inda ya karye shi ne ba a sayar da wakafi, manhajar kuwa ana sayarwa. Don haka ina ganin mu ajiye shi ga wannan sharaɗin kaɗai, mu ce sharaɗin wakafi, kada mu yafa shi a kan duka.

Ni dai na tsaya a kan manhajar 'yanci. Gajere ne, kuma kamar yadda takardar 'yanci ba takardar ce ke da 'yanci ba, haka nan ma. Open source, sunan da wasu suka fito da shi a 1998 don kada kalmar free ta tsorata 'yan kasuwa, sai mu ce buɗaɗɗiyar manhaja. Manhajar kyauta mu bar wa irin su WhatsApp, ba ka biya, ba ka kuma isa ka leƙa ciki ba. Kishiyarsu duka, wadda ake biya shekara-shekara, manhajar haya. Duk wanda mai gida ya taɓa ƙara wa kuɗi a Kubwa ba ya buƙatar ƙarin bayani.

(Ita kanta manhaja ai da can tsarin karatu muka san ta da shi, daga Larabci. Ta koma ta waya muna kallo, ba wanda ya kira taro.)

Wani abokina mai zafin aƙida ya rubuto cewa suna ba shi ne matsalata ba, matsalata na sayar da aƙida, tunda har yanzu akwai Windows a ofishinmu. E, akwai, guda uku. Hajiya tana da jadawalin Excel da ta shafe shekaru tana ginawa, cike da ƙananan umarni da suka ƙi tashi a LibreOffice ranar da muka gwada, ga ƙarshen wata ya zo. Akwai kuma fam ɗin neman kwangila da ake aiko mana, in ka buɗe shi a wata manhajar sai layukan su goce, shafi huɗu ya zama biyar, a mayar maka da takarda. Ba zan hana mutum goma sha ɗaya albashi don in burge wanda bai san ina duniya ba. Birnin Munich na Jamus ma, da kuɗinsa da ma'aikatansa, ya koma Linux, a 2017 majalisarsa ta yanke a dawo Windows.

Shi yana kiran abin da na yi ja da baya. Ni lalura nake ce masa, kuma na zaɓi kalmar da gangan, domin lalura gwargwadonta ake ɗauka, in ta gushe hukunci ya dawo. Uku ɗin nan da lasisi na halal suke, sauran takwas da sabar ofis suna kan Linux, kuma na fara sake gina jadawalin Hajiya shafi-shafi, ita tana duba mini da kalkuletarta.

Ranar Litinin zan koma wurin Yallaɓai in nemi a dawo da kuɗin horon nan. Zan ce masa muna fita daga haya ne, kuma mai tashi daga gidan haya dole ya biya motar kwasar kaya. Kafin nan, source code ya rage mini. "Asalin rubutun manhaja" ya yi tsawo, wani ya ce tushe, wani ya ce uwar rubutu. 'Yan Jos da ke wannan sana'a, me kuke ce masa a shago?