Uludag: Dutse Ne Ko Tudu?

Ɗan Maraɗi (Grenoble): Salamu alaikum jama'a. Ku bar ni in fitar da abin da ke cina. Na zo bakansi wajen abokina a Bursa ta Turkiyya, muka hau Uludag ranar Asabar. Wani shagon haya a can sama ya ba ni takalmin siki, na zamiya kan ƙanƙara, da ya fi ƙarfin ƙafata, na ce ya yi mini yawa, yaron ya ce in ƙara safa. Na ƙara. Kafin la'asar farcen babban yatsana ya yi baƙi ƙirin, ƙwaurina kamar an yi mini bulala. Na koma in canza, suka ce sai na sake biya. Wallahi hayar takalmi asara ce, duk mai son wasan nan ya sayi nasa. Shekara uku ina zamiya a Chamrousse, dutsen da ke kusa da Grenoble a Faransa, ban ga haka ba, sai da na zo wanga tudu.

Na Bursa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba da lafiya. Amma me ka ce? Tudu?

Anti ta Lyon: Sannu ƙanena. Yaron nan ya cuce ka da maganar safa. Takalmin siki da santimita ake auna shi, kuma so ake ya kama ƙafa: in ka miƙe tsaye yatsu su taɓa gaba, in ka ɗan durƙusa su ja baya. In ya yi yawa ƙafa ce ke ta kai da komo a ciki, farce yana dukan gaba duk lokacin da ka taka burki. Safa ɗaya siririya, kuma kada ka cusa ƙafar wando ciki.

Na Bursa: Anti a gafarce ni, mu fara gama maganar tudu. Uludag mita 2,543 ne. Sunan ma kansa da Turkanci "babban dutse" yake nufi. Mutum ya zo garinmu, ya ci iskandar kebab ɗinmu, ya koma yana kiran dutsenmu tudu.

Ɗan Maraɗi (Grenoble): Malam, magana ce ta fito. Ni takalmi nake kuka da shi.

Na Kayseri: Ba wani magana ce ta fito. Halin 'yan Faransa ne, komai in ba nasu ba ne raini. Chamrousse ɗin da kake tinƙaho da shi ƙololuwarsa mita 2,250 ce. To wane ne tudu yanzu?

Likitan Gobe: An kashe bakin tsanya.

Ɗan Maraɗi (Grenoble): Ai ba daga ƙololuwar Uludag ake gangarowa ba. Ba tsawon dutse ake dubawa ba, tsawon gangara ake dubawa. A Chamrousse aka yi tseren gangara na Olamfik ɗin 1968, nan Jean-Claude Killy ya kwashi zinare uku. Mi aka taɓa yi a Uludag ban da hoto? Rabin waɗanda na gani ba su ma ɗaura siki ba, suna tsaye da waya suna shan shayi.

Na Erzurum: In gasa ake so, an yi gasar jami'o'in duniya ta hunturu a Erzurum a 2011. Ku zo dutsenmu Palandoken ku ga sanyi na gaskiya. Nan gashin hanci ke daskarewa kafin ka kai masallaci.

Na Kayseri: Wa zai je Erzurum don Allah? Dutsenmu Erjiyes mita 3,917, kuma kilomita 25 kacal daga cikin gari. Ka yi zamiya da safe, ka dawo ka ci manti da rana.

Na Erzurum: Kai da ko layi shuɗi, hanya mai sauƙi, ba ka wuce ba. Bara a kan faifan yara muka gan ka, kana ihu.

Na Kayseri: Ƙarya ne, ƙanen matar ɗan ajinmu nake riƙe wa.

Malam Babba: Ku tsaya. A Hausa tudu shi ne ƙasa mai ɗan bisa, kishiyar kwari ko gangare. Dutse kuwa ko tsakuwar da ke cikin shinkafa dutse ce. Saboda haka duk kun yi kuskure. Abin da ya dace a ce shi ne tsauni.

Likitan Gobe: To Dala fa, Malam? Dutsen Dala muke cewa tun kakanni.

Baƙon Toronto: Dala da yaro ke hawa da silifas ya sauko kafin a tayar da salla. In Dala dutse ne, Uludag sai dai a nemo masa sabon suna.

Likitan Gobe: Kada ka taɓa Dala. Kai ɗan ina ne ma?

Baƙon Toronto: Zariya. Muna da Kufena.

Likitan Gobe: Shi ya sa.

Na Bursa: Ku dawo kan magana. Duk Najeriya babu dutsen da ya kai Uludag. Chappal Waddi na Taraba ne mafi tsawo, mita 2,419. Na Nijar kuma, Bagzan, 2,022. Mutumin da ya taso a Maraɗi, inda ko jigawa abin kallo ce, shi ne yau yake raba wa duwatsu muƙami.

Ɗan Maraɗi (Grenoble): Yanzu kuma Nijar ta shigo? Mi Bagzan ya yi muku? Ku je Agadas ku hau shi da ƙafa tukuna.

Hajiyar Damagaram: A bar ƙasarmu ta huta. Ku da kuke cika baki, wa kuka taɓa kaiwa wasan ƙanƙara?

Na Kayseri: Hajiya, Samuel Ikpefan ya wakilci Najeriya a siki a Beijing 2022. Kafin shi matanmu sun je Pyeongchang a 2018 da keken ƙanƙara.

Ɗan Maraɗi (Grenoble): Ikpefan a Faransa aka haife shi, a duwatsun Faransa ya koya. Na gode da ka kawo mini hujja.

Na Kayseri: Tutar wa ya ɗaga?

Anti ta Lyon: Ni dai tambayata, tafiyar Fabrairu tana nan ko an fasa? Lokacin hutun makarantu ne a nan, kuɗin masauki da na tikitin hawa duk tashi suke, layi kuma sai ka yi ta tsayuwa. In Trois Vallées ta nan Faransa kuke so, mai hanyoyi kilomita 600, a yi magana yanzu. In aljihu bai kai ba mu duba Maris.

Na Bursa: Anti, ku zo nan, ga abinci halal ko'ina, ga kiran salla. Motar igiya ma daga cikin gari take ɗaukar mutum, kusan kilomita 9 har sama.

Ɗan Maraɗi (Grenoble): Ga kuma takalmi mai cire farce.

Baƙon Toronto: Kai ma wa ya ce ka karɓa? Ka gwada, ka ji ya yi yawa, ka fita da shi.

Ɗan Maraɗi (Grenoble): Layi ne har waje, kuma ba na jin Turkanci.

Na Erzurum: Ashe dai matsalar harshe ce, ba ta tudu ba.

Shugaban Zaure (Istanbul): To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. Na ɗaya, an tabbatar da hujjar lamba cewa Uludag dutse ne, har ya fi wanda ɗan'uwanmu yake taƙama da shi, kuma bai musa lambar ba. Na biyu, maganar Olamfik ta shekara hamsin da wani abu ce, ba ta shafe mu ba. Na uku, Malam Babba ya kawo tsauni, mun gode, amma ba a karɓa ba. Rigimar Dala da Kufena a kai ta wani zauren. Batun tafiya kuma, na ga kamar mafi yawa sun karkata ga Turkiyya, don haka za mu fara tattara suna. Ɗan Maraɗi, muna jiran ka janye kalmar nan.

Anti ta Lyon: Mafi yawa su wa? Mutum uku ne suka yi magana, dukansu a Turkiyya suke zaune.

Ɗan Maraɗi (Grenoble): Farcen dai ya fita ɗazu. Wa ya san inda ake sayar da takalmi na hannu lamba 27?