Faya ta fashe da wuri: me zai biyo baya ga yaron?

Likitocin mata da na yara da ungozoma sun haɗu a kan abu ɗaya: makomar yaron ta fi rataya ga yawan makonnin cikin a lokacin da aka haife shi da kuma ko cuta ta shiga mahaifa. In faya ta fashe kafin ciki ya kai mako 37, a garzaya asibiti, kada a cusa komai a gaba. Akan ba uwa erythromycin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, na kwana 10, da allurar dexamethasone kafin mako 34 don huhun jariri ya nuna. In haihuwa ta gabato kafin mako 32, allurar magnesium sulfate da ake yi wa uwa na rage wa jariri haɗarin shanyewar gaɓoɓi. Zazzaɓi ko ruwa mai wari alamar cuta ce, nan babu jira.

Fashewa kafin mako 24 ta fi muni, domin ƙarancin ruwa na hana huhu girma.

Bayan haihuwa, a riƙa lissafin watanninsa daga ranar da ya kamata a haife shi, har shekara 2. Bakwainin da ya riga lokaci da wata biyu, in ya cika wata shida, a auna shi da ɗan wata huɗu. Iyaye da yawa kan tayar da hankali a banza saboda rashin sanin wannan. Rigakafi kuwa ranar haihuwa ake bi.

A duba idanu da ji. In bai zauna ba a wata tara na wannan lissafi, ko ƙafafunsa sun sandare, ko hannu ɗaya kawai yake miƙawa kafin shekara, a kai shi ga likitan yara a fara gashin gaɓoɓi da wuri.