Makin ɗalibi null ne: a cire layin ko a rubuta nil?

Abba: Jama'a barkanmu da warhaka. Ni matsayina ɗaya ne: duk abin da yake null, wato ba shi da ƙima ko kaɗan, kada a rubuta shi cikin fayil ɗin XML da muke aika bayanai da shi kwata-kwata. Fayil ya yi sauƙi, kowa ya huta. JAXB, mai mai da bayanan Java zuwa XML, shi ma haka yake yi in ba ka ce masa komai ba.

Hadiza: Ban yarda ba, Abba. Manhajar sakamakon jarrabawa da muke yi wa wata makaranta a Daura, in malami ya aiko gyara, rashin layin maki yana nufin "kada a taɓa". To in an shigar wa yaro 62 bisa kuskure, alhali bai zauna lissafin ba, da me za a ce a goge? Sai xsi:nil="true", wato a rubuta layin amma da alamar cewa ba shi da ƙima.

Sani: To a bar shi fanko mana, <maki/>.

Malam Lawal: Kul, Sani! In sikima, wato ƙa'idar da ake tantance fayil ɗin da ita, ta ce maki xs:int ne, wato lamba, fanko ba zai wuce tantancewa ba. In kuma mai karɓa sakaki ne, sai ya mai da shi 0, yaron da zazzaɓi ya kwantar ranar jarrabawa ya koma wanda ya ci sifili. Kai za ka tari ubansa a ofis? Ko da layin na rubutu ne ba lamba ba, fanko daban, null daban.

Abba: Ranka ya daɗe, nil ɗin ma yana da nasa. Sai an sa nillable="true" a sikima, wato an ba layin izinin nil, in ba haka ba a ƙi fayil ɗin. Kuma abin da aka rubuta a matsayin sifa cikin tag ba ya karɓar nil, cire shi kawai ake yi.

Malam Lawal: Wannan gaskiya ne. Amma daina kafa hujja da JAXB. A .NET na Microsoft, cikin masu rubuta XML ɗinsa, XmlSerializer yana tsallake string (rubutu) mai null, ya rubuta nil ga int? (lambar da za ta iya zama null), shi kuwa DataContractSerializer nil yake sawa sai ka kashe saitin EmitDefaultValue. Gida ɗaya ma ba su daidaita ba.

Abba: Na ji. Amma lambar wayar uba dai minOccurs="0" zan sa mata, wato a iya cire layinta, ba ruwana da nil.

Hadiza: Lambar waya taka ce. Maki kam nillable ne. Turo sikimar bayan La'asar in duba kafin mutanen Daura su kira.