Wane saiti ne ke sa NHL 24 ya yi kama da wasan gaske?

Ɗan Birni:
Salama alaikum 'yan'uwa. PS4 ɗin da yayana ya sayo min ta hannu a Kano ta zo da faifan NHL 24, wato ƙwallon gora na kan ƙanƙara. A unguwarmu ba mai taɓa shi, kowa ƙwallon ƙafa yake so, amma ni ya shiga raina. Edmonton Oilers nake ɗauka saboda Connor McDavid mai lamba 97.

Ga damuwata. In na sa matakin Pro, ci nake yi kamar ba gola a raga. Jiya bayan isha'i na tashi 9 da 1, har ƙanena da ke kallo ya yi barci a kan tabarma. In na hau All-Star kuwa, ko tsakiyar fili ba na wucewa, da na karɓa an ƙwace. Alhali wasannin da nake gani a YouTube yawanci 3 da 2 ko 4 da 3 suke ƙarewa. Irin wannan nake so, wanda sai minti na ƙarshe za ka san mai nasara. Me zan gyara?

Mai Shagon Zango:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka daina duban sunan matakin, ka dubi takardar lissafin da ke fitowa ƙarshen wasa. A NHL ta gaske, wato babbar gasar wannan wasa ta Amurka da Kanada, kowace ƙungiya tana kai hari raga kamar sau 30, gola kuma yana tare kusan 9 cikin 10, shi ya sa ci ke tsayawa wajen uku-uku. Da wannan za ka auna. Idan kana kai hari 50 a wasa, ko wane mataki ka sa, cin zai yi yawa.

Fara da tsawon turmi. Na gaske turmi uku ne, kowane minti 20, amma kada ka sa 20, don a na'ura ana isa raga da sauri fiye da yadda mutum ke yi. Ni tsakanin 7 da 8 ya zauna min daidai. Sai ka bar shi a All-Star, ka shiga wurin sliders, wato ma'aunan da ake ja don daidaita wasan, ka rage CPU Difficulty Adjustment (ƙarfin na'ura), ka sauke Game Speed (saurin wasa) da ɗaya. Abu ɗaya za ka riƙa taɓawa, ka buga wasa uku, ka rubuta sakamako kafin ka taɓa wani. Ni a bayan littafin bashin shago nake rubuta nawa.

Ɗalibin Jami'a:
Abin da babban yaya ya manta shi ne gajiya. 'Yan wasan gaske ba su cika wuce daƙiƙa 45 a kan ƙanƙara ba, sai a canza layi, wato rukunin 'yan wasan da ke shiga tare. Ka ɗaga Fatigue Effect, wato tasirin gajiya, za ka ga McDavid ma ƙafarsa ta yi nauyi in ka ƙi fitar da shi, dole ka yi aiki da layi na uku da na huɗu. Ka ƙara yawan busa laifi ma. Zaman horon minti 2, kana da 'yan wasa huɗu suna da biyar, nan ne wasan ke daɗi.

Ɗan Birni:
Allah ya saka da alheri. Yaya, na bi maganarka. Wasan farko Toronto ta ci ni 4 da 2, hari 27 gare ni, 33 gare su. Na biyu muna 2 da 2 saura minti uku kuran ya ɗauke, na zauna cikin duhu da manet a hannu, zuciyata na bugawa. Gajiyar ban taɓa ta ba tukuna, sai na cika wasa ukun. Amma Pass Assist fa, wato taimakon da na'ura ke yi wajen miƙa ƙwallo, in rage shi yanzu ko in jira hannuna ya saba?