Injin burodi ko obin na gas? Ku ba ni shawara kafin in kwashi adashe

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙarshen watan nan ni ce da kwasar adashe, kuma raina ya rabu biyu. Mu bakwai ne a gida, yara huɗu 'yan makaranta, kullum sai an sayi burodi da safe. Ina so in sayi injin nan da ake zuba fulawa da ruwa da yis ya kwaɓa ya gasa da kansa. Matsalar, wutar unguwarmu sai dare take zuwa, wani lokaci a ɗauke kafin asuba. Muna da ƙaramar sola, fanka da fitila kawai take ɗauka. Na ci a gida nake so, ba na sayarwa ba. Wadda ta taɓa amfani da shi a irin wutarmu ta gaya min gaskiya: in saya, ko in haɗa kuɗin in sayi obin na gas?

Ummu Sultan: Wa alaikumus salam. Saya kawai 'yar uwa, akwai riba sosai. Ki riƙa kai wa masu shayi da shagunan unguwa, kafin shekara kin mayar da kuɗinki.

Maman Iman: Anti ai na ce ba sana'a zan yi ba.

Baban Walid: Kuma ko sana'ar ce ba za ta yiwu ba. Guda ɗaya yake gasawa a lokaci ɗaya, mai nauyin giram 750 ko kilo 1, kuma sai ya ci awa 3 zuwa 4. Mai shayin da zai jira wannan ai ya rufe tebur.

Anti Rabi Ingila: Ni dai ban ga abin da ya kai shi sauƙi ba. Da daddare nake zuba komai, ruwa a ƙasa, sai mai, gishiri da sukari, sai fulawa, yis a can sama kada ya taɓa ruwa. In saita lokaci in kwanta, ƙamshi ne ke tashina. Fulawa giram 500, ruwa mililita 300, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, yis ƙaramin cokali ɗaya. Ki sayi sikeli, awon gwangwani shi ke ɓata wa mutane burodi.

Hajiyar Tudun Wada: Ku tsaya in ba ku nawa labarin, don har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ni ma kuɗin adashe ne. Na je wajen masu kayan gwanjo, na ga wani fari tas, ko ƙwarzane babu, har da 'yar muciyarsa a ciki. Mai shagon ya rantse min daga Amurka ya zo, ya ce irinsa ya fi sabo ƙarko. Na ce a gwada, ya ce babu wuta a layinsu. Na biya na ɗauko a Keke. Ranar kuwa dangin maigida sun zo, har na yi musu alkawarin za su karya da burodin gida. Na zuba kayana, na jona, fitilarsa ta kawo, sai na ji ƙara "tas", wani farin hayaƙi mai warin roba ya fito ta ƙasansa. Shi ke nan. Mai gyara ya juya shi ya nuna min rubutun da ke gindinsa: 120V. Wutar Amurka ke nan, tamu kuwa 230 ce. Ya ce da an haɗa shi da taransifomar rage ƙarfin wuta da bai ƙone ba. Na koma wajen mai shago ya ce kayan gwanjo ba a dawowa da su, wai ni na ƙona. Kwaɓin nan haka na kwashe na soya fanke da shi. Ƙanwar maigida har yau in ta shigo sai ta ce, "Yaya, ina burodin Amurka?" Injin yana kan sif, albasa nake ajiyewa a bokitinsa.

Ɗan Fulani: Hajiya Allah ya mayar da alheri, amma wallahi wannan ce ma'ajiyar albasa mafi tsada a Arewa.

Hajiyar Tudun Wada: Yi dariyarka ɗan nan, ba kuɗinka ba ne.

Maman Hanif: Innalillahi. Hajiya nawa kika saya?

Hajiyar Tudun Wada: Dubu 45, kuma a lokacin kuɗi ne.

Ummu Sultan: Kai, an cuce ki. Maƙwabciyata dubu 25 ta sayi nata na gwanjo.

Baban Walid: Wace shekara? Ni da na tambaya kwanan nan sabo sun ce min dubu 150, wani shagon ma ya haura haka.

Maman Hanif: A intanet na ga na dubu 90.

Baban Walid: Ki duba da kyau, wataƙila na gasa yankakken burodi ne, ba mai kwaɓawa ba.

Maman Iman: Hajiya sannu, Allah ya musanya. Na riƙe maganar duba gindin inji. Amma har yanzu ba wanda ya amsa min: in aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki fa?

Anti Rabi Ingila: Ba komai, yana tuna inda ya tsaya, in wuta ta dawo ya ci gaba.

Hajiyar Tudun Wada: Rabi, da girmanki. Yaushe rabon da a ɗauke miki wuta? Ku bar mu da muke cikin abin mu yi magana.

Anti Rabi Ingila: Hajiya ni fa na yi shekaru ina amfani da shi, ke ko burodi ɗaya naki bai gasa ba. Wa ya fi cancanta ya yi magana?

Injiniya Zariya: Ku yi haƙuri iyayena, kowa da gaskiyarsa. Yana tunawa, amma na 'yan mintuna ne, yawanci kamar 10, ya danganta da kamfani. In wutar ta wuce haka sai ya koma farko. In yana kwaɓi aka ɗauke, da sauƙi. In ya fara gashi ne, burodin ya tafi: waje ya yi ɓawo, ciki ɗanye. Maganar sola kuma, wajen kwaɓi ba ya jan wuta sosai, wajen gashi ne yake jan wat 500 zuwa 700. Inbatar da aka haɗa don fanka da fitila za ta yi ta kuka, batirin kuma ya ƙare kafin asuba. A kuɗin mita dai ba shi da ci, burodi ɗaya bai kai yunit ɗaya ba.

Maman Hanif: Injiniya kai ka taɓa gasawa ko lissafi ne kawai?

Injiniya Zariya: Madam ke gasawa, ni ke biyan kuɗin batir.

Inna Mai Alkubus: Ni ina da shi, kuma wutarmu irin taku ce, Maman Iman. Na daina bari ya gasa. Akwai wajen da ake dannawa ya yi kwaɓi kawai ya bar shi ya tashi, kamar awa ɗaya da rabi. Daga nan sai in juye a gwangwani in gasa a tukunya da yashi a ƙasa, a kan gas. Da kwaɓin nan nake alkubus da fanke har da gurasa. Abin da ba a gaya wa mutum shi ne yanayi. Da hunturu fulawa ta bushe, sai kin ƙara ruwa cokali ɗaya ko biyu, ki leƙa bayan minti 10 ki ga ya dunƙule yana ɗan kama yatsa. Da zafin Afrilu kuwa ruwan sanyi za ki sa ki rage yis, in ba haka ba ya kumbura ya taɓo murfi sannan ya faɗa ta tsakiya. Kuma kada ki sa ran laushin na kanti. Kwana biyu ya fara tauri. Yarana da farko cewa suka yi ba burodi ba ne, sai da na ƙara sukari da bota da madarar gari. Ga kuma ramin da muciyar ke bari a gindinsa, kullum sai an yi faɗan wa za a ba wannan yankan.

Ɗan Fulani: To Inna in dai a tukunya za a gasa, me ya raba ki da masu gurasar Jakara? Su ko soket ba su da shi, tanderu kawai, kuma ba a taɓa ɗauke musu wuta ba.

Inna Mai Alkubus: Abin da ya raba mu ciwon kafaɗa. Ka taɓa buga kwaɓin fulawa mudu guda?

Ummu Sultan: Ni abin da ma ke sa ni son na gida, burodin yanzu iska ce zalla. Ka matse babba a hannu ya koma kamar soso. Kuɗi sun ƙaru, girma ya ragu.

Baban Walid: Ga wani zaƙi mai ɗaci a ƙarshen harshe, wannan ba sukari ba ne, sakarin ne. Shi kuwa sinadarin bromet da ke kumbura burodi NAFDAC ta haramta shi tun zamanin Dora Akunyili, amma wa ke bin gidajen burodin lungu yana dubawa?

Mai Gidan Burodi: A yi mana adalci dai. Ba kowa ke sa wannan ba. Ku je kasuwar Singa ta Kano ku tambayi buhun fulawa mai kilo 50, ku tambayi sukari da bota, ku haɗa da itace ko dizal da kuɗin ma'aikata da leda. Alkamar ma yawancinta daga waje ake shigo da ita, dala ta motsa mu ma mun motsa. In mun ƙara kuɗi ku yi ihu, in mun rage girma ku yi ihu.

Hajiyar Tudun Wada: To ku rubuta nauyin a jikin leda mana, mu san abin da muke saya.

Mai Gidan Burodi: Hajiya ke da ba ki karanta gindin inji ba, ledar burodi za ki karanta?

Hajiyar Tudun Wada: Zan karanta. Kuma na unguwarmu jiya da na yanka, rami na tarar a tsakiya wanda hannun jikata ya shige.

Maman Iman: Inna Mai Alkubus, tukunyar da kike gasawa a ciki, ta ƙarfe ce ko ta dalma? Kuma yashin ana canza shi?

Baban Walid: Mai Gidan Burodi, tsakaninka da Allah, nawa ka sayi buhu a satin nan? Don wanda ke kawo mana cewa ya yi ya sauko, amma burodi bai sauko ba.