Wa ya taɓa gwada koya wa yara Turanci da talabijin?

Maman 'Yan Biyu, Kano:
Assalamu alaikum iyaye. Shawara nake nema, amma ta wanda ya gwada a ɗakinsa, ba ta "an ce" ba. 'Yan biyuna sun cika shekara 4, bana muka sa su makaranta. A gida Hausa zalla muke yi. Ni Turancina na sakandare ne, ina ji amma baki ba ya juyawa. Malamarsu ta ce in riƙa kunna musu katun na Turanci, kunnensu zai buɗe. Yau wata uku ke nan, abin da suka tsinta bai wuce waƙar ƙirga ba, sai "no" da suke jefa mini idan na ce a zo a yi wanka. Babansu ya ce asarar kuɗin dish kawai muke yi duk wata. Abin yana aiki kuwa, ko ni ce ban iya ba?

Malamar Aji Biyu, Zariya:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, me kike kunna musu tukuna? Na taɓa ba wata uwa wannan shawarar, bayan zango guda ta dawo tana mita, ashe Tom and Jerry yaron yake kallo safe da yamma. Kyanwa da ɓera ne ke guje-guje, ba mai cewa uffan, daga ina Turancin zai fito?

Shekarata 11 ina koyarwa. A makon farko nake gane yaran da ke kallo a gida: suna saurin fahimtar umarni, harshensu ya fi laushi, ba sa tsoron sautin. Amma ki ce su haɗa jimla tasu, sai ido. Waɗanda suka bambanta su ne masu wani babba a gefe yana tanka musu. Nawa ɗan, Alphablocks na sa masa, wanda BBC ke yi, inda kowane harafi yake da baki yana faɗin sautinsa, su riƙe hannu su zama kalma. Gajere ne ƙwarai. Guda ɗaya muke maimaitawa har kwana uku, ni nake gajiya, shi ko a jikinsa. Da an gama sai in kashe, in zana harufan a ƙasa da tsinke, ya taka wanda na kira.

Baban Yara, Kaduna:
Ku bari in ba ku dariya. Mu dish ɗin kyauta ne a gidan, tashar yaran da ta fi fitowa tangaran ita ce MBC3. Ni ina kasuwa, ina alfahari yarana na koyon Turanci. Rannan na dawo na ji babbar tana yi wa ƙaninta faɗa da Larabci, irin na littafi, har malamin Islamiyyarsu ya tambaye ni ko mun zauna a Saudiyya. To kallo yana koyarwa kam, sai dai abin da ka zuba shi za ka kwasa.

Amma Larabcin ya zauna ne saboda tana zuwa Islamiyya ta tarar da shi. Ku tuna mu da muka tashi da fim ɗin Indiya. Akwai abokina da zai rera maka waƙa daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, amma ka ajiye shi a kasuwar Mumbai ko tumatir ba zai iya tayawa ba.

Uwargida, Jos:
Ni tawa ba ta dariya ba ce, kuma don ita na shigo. Ina aiki, maigida yana aiki, autana tun yana shekara ɗaya da rabi muka haɗa shi da waya. Waƙoƙin yara na YouTube, daga wannan sai wancan, wani lokaci awa biyar a yini. Muna murna ya iya launuka da ƙirga har 20 da Turanci. Sai da ya kai shekara 3 muka farga cewa ba ya hira da kowa. Ka kira sunansa ba ya waigowa, idan yana son ruwa sai ya ja hannunka zuwa randa. Abin da yake faɗi duk haddar waya ce, yana zuba ta ba a muhallinta ba.

Ranar da ta fi ƙona mini rai, Hajiyarmu ta zo daga gida ta ɗauke shi tana masa wasa, "ina mijina, ina angona", yaro ya ƙura mata ido kamar baƙuwa. Ta ce, "Kun mai da mini jika Bature, Baturen ma kurma." Likitan da muka gani bai ce wayar ce kaɗai sanadi ba, amma ya ce a janye ta, a yi ta yi masa magana da harshen da muka fi iyawa. Shi ya gaya mana ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019: jariri da ɗan shekara ɗaya ba kallo sam, daga shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a yini. Mun sha kuka na mako biyu. Yanzu alhamdulillahi yana magana, kuma da Hausa ya fara, Turancin ya biyo baya a makaranta.

Malamar Aji Biyu, Zariya:
Sannu Yaya, Allah Ya ƙara masa lafiya. Abin da kika gani an taɓa gwada shi. A 2003 wata mai bincike a Jami'ar Washington ta Amurka, Patricia Kuhl, ta sa jarirai 'yan wata 9 sauraron Sinanci har zama 12. Waɗanda mutum ya zauna gabansu yana musu magana sun koyi bambance sautukan. Waɗanda aka kunna wa bidiyon mutanen nan ɗin dai, ba abin da suka ɗauka. Naki sun wuce wannan shekarun, Maman 'Yan Biyu, za su ɗauka, amma ki zauna da su.

Kakar Yara, Bauci:
'Ya'yana, mu a zamanin da muka yi renonku, NTA sai ƙarfe 4 na yamma take buɗewa. Ranar Lahadi yaran unguwa ke cika mini tsakar gida don Tales by Moonlight, saboda mu kaɗai ke da akwatin. Tatsuniya ce da Turanci. Ni ban yi boko mai nisa ba, to da an gama sai in ce, "Ban gane ba, wa zai ba ni labarin?" Su yi ta gardama, wannan ya ce kunkuru ne ya ci amana, wancan ya ce a'a. Ashe wayo na yi ban sani ba. Har yau haka nake yi wa jikokina, kuma ba wanda ya taɓa kama ni.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan Nijar lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci ake yi, amma tun da dokar 2025 ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Turanci da Faransanci kuma harsunan aiki, iyaye sun fara neman Turancin. Akili and Me nake sa wa nawa, na kamfanin Ubongo na Tanzaniya. Yaran ciki baƙaƙe ne kamar namu, ana magana a hankali, ana maimaita kalma. Wuta ba ta zama, don haka na kai katin waya wajen masu tura fim aka zuba mini. Hakan ma ya fi, ba talla, kuma ba ya tsallakawa zuwa abin da ban zaɓa ba. Na taɓa barin su da intanet, na dawo na tarar da katun ɗin aladu, yarinya tana yi wa uwarta gurnani.

Maman 'Yan Biyu, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Malama, kin kama ni, rabin abin da suke kallo na guje-gujen nan ne, kuma ina kicin nake barin su. Jiya na gwada dabarar Hajiya Kaka. Muka kalli guda ɗaya na minti goma, na ce ban gane ba. Hassana ta bayyana mini da Hausa tiryan-tiryan, Usaina kuma ta gyara mini yadda ake faɗin "water", wai ba haka ake cewa ba, Umma. Ɗan Maraɗi, nawa suka karɓa wajen zuba maka, kuma katin mai girma nawa zan saya?